Emma Gatewood: Dattijuwar da ta ƙure hanyar duwatsun Appalachian da ƙafa

A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ta ratsa jihohi 14 a kan jerin duwatsun Appalachian, daga Jojiya a kudu zuwa Maine a arewa, tsawonta ya haura mil 2,000. Mace ta farko da ta bi ta ita kaɗai daga farko zuwa ƙarshe a tafiya guda ita ce Emma Gatewood, a shekarar 1955, tana da shekara 67.

An haife ta a 1887 a wani gidan manoma da ke gundumar Gallia ta jihar Ohio, ɗaya daga cikin 'ya'ya 15. Tana da shekara 19 ta auri Perry Gatewood, ta haifa masa 'ya'ya 11, amma auren bai zama mata inuwa ba. Fiye da shekara 30 ta yi tana noma tana shan duka, har wata rana ya fasa mata haƙora ya karya mata haƙarƙari. Idan abin ya ishe ta, daji take shiga ta samu natsuwa. Daga bisani kotu ta raba auren.

Wani rahoto da ta karanta a mujallar National Geographic ne ya kwaɗaita mata hanyar, domin ya nuna ta kamar mai sauƙin bi. Yunƙurinta na farko a 1954 bai je ko'ina ba: ta ɓata a dajin Maine, tabaronta ya fashe, jami'an gandun daji suka lallashe ta ta koma gida.

Da shekara ta zagayo, sai ta shaida wa 'ya'yanta cewa za ta ɗan fita yawo, ba ta ƙara musu da komai ba. Ranar 3 ga Mayu ta tashi daga Dutsen Oglethorpe a Jojiya. Ba tanti, ba taswira. Kayanta ba su wuce jakar da ta ɗinka da hannunta ba, da bargon soja, da labulen banɗaki na roba don kare ruwan sama, sai takalmin kambas wanda duwatsu suka riƙa cinyewa tana sauyawa. Wata rana ta kwana a kan ganyaye, wata rana ta ƙwanƙwasa gidan da ba ta san kowa ba ta nemi masauki. A dare mai tsananin sanyi takan gasa duwatsu a wuta ta kwanta kansu. A watan Agusta kuma guguwa ta kawo ambaliya, rafuka suka cika suka batse, ta tsallake su da ƙyar. Ranar 25 ga Satumba, bayan kwana 146, ta hau ƙololuwar Dutsen Katahdin.

'Yan jarida sun yi ta bibiyarta a hanya, ita kuwa ba ta ɓoye musu ba: hanyar ta lalace, alamominta sun ɓace a wurare da dama, rumfunan kwana sun tsufa. Wannan ƙorafi, wanda ya fito daga bakin wadda ta taka kowane mil, ya ja hankalin jama'a ga gyaran hanyar.

Ta sake bin ta gaba ɗaya a 1957, ta kammala karo na uku a 1964, wannan karon kashi-kashi. A tsakani, cikin 1959, ta taka kimanin mil 2,000 daga jihar Missouri zuwa birnin Portland na jihar Oregon. Ta rasu a watan Yunin 1973 tana da shekara 85, kuma wani yanki na hanyar ƙafa a Hocking Hills da ke jiharta ta Ohio yana ɗauke da sunanta.