Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Mai karatu, ka taɓa ganin hatimin da malam ke zanawa a kan allo? Gida-gida ne, kowane gida da lambarsa. To, akwai lissafi mai zurfi a ciki. Yau za ka ji labarin wani malami na ƙasar Hausa da ya gwanance da shi.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Larabawa suna kiran shi Alkashnawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu wajen manyan malamai, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Daga nan ya kama hanyar Makka, ya sauke farali, ya zauna a Alƙahira ta Masar. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin tsara hatimi.

Dubi wanga ƙaramin hatimi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Tara kowane layi, a kwance ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Kullum 15 za ka samu. Ka gani?

Lamba iri biyu ce: cika da mara. Cika tana rabuwa biyu daidai, kamar 4 da 10. Mara kuwa sai ta bar ɗaya, kamar 3 da 5. Malam Muhammadu ya nuna yadda ake tsara hatimin da yawan layukansa mara ne. Irin wannan yana da lambar tsakiya, kuma ita ce mabuɗi. Ƙara 1 a kan yawan gidaje, ka raba biyu, ka same ta. Gida 9 da 1, 10 ke nan, rabinsa 5. To, 5 sau layi 3, ga 15 ta fito.

Yanzu mu ɗauki babba: layi 101, kowane layi gida 101. Gidaje 10.201 ke nan. Kada gabanka ya faɗi! Ƙara 1, ka raba biyu: 5.101. Ninka ta sau 101. Kowane layi zai ba da 515.201. Ba ka zana gida ko ɗaya ba, amma ka san amsar.

Malam Muhammadu ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda ya yi karatu wajensa. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 ke nan, kuma tun kafin Nasara su shigo ƙasarmu. Ashe lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu.

Kai mai buhunan albasa a kasuwar Madawa, ke mai ajiyar kuɗin adashi a Buza ko Keita, babbar lamba ba dodo ba ce. Tana da doka kamar ƙarama. Wanda ya san dokar, ba a cin shi da tsakar rana.

Tambayoyi
1. A wane gari Malam Muhammadu ya rasu?
2. 121 cika ce ko mara?
3. Hatimi mai layi 5 yana da gida 25. Nawa kowane layi zai ba da?