Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Shugaban Da Ya Sa Ido A Kan Ma'aikatansa

In kin taɓa tsayawa a ƙofar ofishin 'yan sanda da kwanon abinci a hannu, kina jiran a bar ki ki ga maigida ko ɗanki, to tarihin da muka kawo miki a wannan fitowa naki ne. Tarihin bawan Allahn nan ne da ke kwance a Wurno, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

An haife shi a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi. Ya tashi a zamanin da yaran sarki kan ƙwace dabbar talaka da sunan kamuwa, mai ƙara kuma sai ya kai gaisuwa kafin a saurare shi. Irin wannan zalunci na cikin abubuwan da Shehu ya yi wa'azi a kansu, har aka kai ga jihadi a 1804.

Bello ne ya gina birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya yi shekara 20 yana mulki. Ya kafa garuruwan ribaɗi domin tsaron iyaka, ya mai da Wurno mazauninsa.

To ina ruwanki da wannan, uwargida? Bello ya gane cewa talaka ba kullum yake ganin sarki ba. Dogari yake gani, da alƙali, da mai karɓar zakka. In waɗannan suka karkace, adalcin sarki bai wuce zaurensa ba. Shi ya sa a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, cikin ginshiƙai 7 na mulki ya sanya cewa dole shugaba ya zaɓi ma'aikata na gari, ya gindaya musu sharaɗin adalci, ya kuma riƙa bibiyarsu.

Bai tsaya a rubutu ba. Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna Sakkwato a zamaninsa, ya rubuta cewa Bello yakan bincika hukuncin alƙalai, ya warware wanda aka yanke bisa son zuciya. Ya kuma shaida cewa daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don kansa. Kin ga wanda hannunsa ke da tsabta ba ya jin nauyin tuhumar na ƙasa da shi.

Allah Ya yi masa rasuwa a Wurno a 1837, can aka binne shi. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi waƙa da Fulatanci a kan kyawawan halayensa. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, daga zuriyarsa yake.

'Yar uwa, ko a Wurno kike, ko Rabah, ko Goronyo, yau ma akwai abin da doka ta ba ki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mace a madadin mijinta, ko uwa a madadin ɗanta. Dokar 2017 ta haramta azabtar da wanda ake tsare da shi. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. In an take hakkinku, ki riƙe sunan jami'in da ranar da abin ya faru, ku kai kuka Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda.

Sai dai Bello bai bar mu mu talakawa ba, domin ya nuna cewa halin jama'a ne ke bayyana a shugabanninsu. In mijinki ɗan sanda ne ko ma'aikacin kotu, ranar da ya shigo da abin da ya fi ƙarfin albashinsa, kin tambaye shi daga ina? In kuma ɗanki ne ya yi laifi, kada ki sayar da awakinki don a danne gaskiyar wani.

Allah Ya jiƙan Muhammadu Bello, Ya ba mu shugabanni masu bincike, Ya tsare mana gidajenmu daga cin haram, amin.