Jak Anketil, Gwanin Tsere da Agogo

A tseren keke na kan titi akwai hanyoyi biyu na gwada gwaninta. A ta farko, mahaya suna tashi gaba ɗaya a cikin ayari, wanda ya riga kowa isa shi ne ya ci. A ta biyu, ana sallamar su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu ko uku a tsakaninsu, sannan a duba lokacin da kowa ya ɗauka. Wanda lokacinsa ya fi gajarta shi ne zakara. Wannan ta biyun ita ake kira tsere da agogo. Tana da wuya ƙwarai, domin mahayin da ke cikin ayari yana iya laɓewa a bayan wasu su tare masa iska, amma mai tsere da agogo shi kaɗai yake fuskantar iskar daga farko har ƙarshe. Idan ya fara da ƙarfi fiye da kima, zai gaji tun kafin ya isa. Idan kuma ya yi tattalin ƙarfinsa da yawa, lokaci zai kuɓuce masa. A zamaninsa, babu wanda ya iya wannan lissafi kamar wani Bafaranshe mai suna Jak Anketil, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Jacques Anquetil.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Anketil ranar 8 ga Janairu, 1934, a Mont-Saint-Aignan, kusa da birnin Rouen a yankin Normandi da ke arewacin Faransa. Mahaifinsa magini ne, daga baya ya koma noman wasu jajayen 'ya'yan lambu da ake kira sitiroberi a ƙauyen Quincampoix. A nan yaron ya girma yana taimakon iyayensa da aikin gona. Da ya tasa sai ya shiga makarantar koyon sana'a, inda ya koyi aikin sarrafa ƙarfe da inji. Wani abokinsa na makaranta ne ya ja shi zuwa ƙungiyar masu tseren keke ta garin Sotteville. Ya fara shiga gasa a shekarar 1951, yana ɗan shekara 17. Shekara guda bayan haka ya zama zakaran Faransa a rukunin waɗanda ba su ɗauki tsere a matsayin sana'a ba, kuma ya samu lambar tagulla tare da tawagar ƙasarsa a wasannin Olamfik na birnin Helsinki.

Yadda Ya Yi Suna

A wancan lokaci, babbar gasar tsere da agogo ta duniya ita ce Grand Prix des Nations, wadda ake yi a kewayen birnin Paris. Tsawonta kusan kilomita 140 ne. A 1953 Anketil ya shiga wannan gasa yana da shekara 19, ba tare da mutane da yawa sun san shi ba. Ya ci gasar, kuma ya ba wanda ya zo na biyu tazarar fiye da minti shida. Daga nan ya riƙe ta shekara shida a jere, har zuwa 1958. Ya sake cin ta a 1961 da 1965 da 1966, wato sau tara ke nan, adadin da babu wanda ya kai. Saboda haka ne Faransawa suka laƙaba masa sunan Monsieur Chrono, wato mutumin agogo.

Waɗanda suka gan shi a kan keke sun shaida cewa hawansa daban yake. Yakan kwantar da bayansa ya miƙe, ya sunkuyar da kai domin iska ta wuce ta samansa, yatsun ƙafarsa suna kallon ƙasa a kan feda. Yakan yi amfani da babbar giya, kuma kafaɗunsa ba sa rangaji ko da ya gaji. Mai kallo zai ɗauka ba ya shan wahala, alhali kuwa abin da ya fi abokan hamayyarsa da shi shi ne jure wahalar na tsawon lokaci ba tare da ya rage gudu ba.

Akwai wani gwaji kuma da ake kira bajintar awa ɗaya. Mahayi yana shiga filin tsere na zagaye shi kaɗai, ya yi ta kewayawa har minti sittin, sannan a auna nisan da ya ci. Shahararren ɗan tseren Italiya, Fausto Koppi, shi ne ke riƙe da wannan bajinta tun 1942. Ranar 29 ga Yuni, 1956, Anketil ya shiga filin Vigorelli na birnin Milan, inda Koppi ya kafa tasa, ya yi tafiyar mita 46,159. Ta haka ya karya tarihin da ya shekara kusan goma sha huɗu a tsaye. A lokacin yana cikin aikin soja na dole, wanda ya kai shi har ƙasar Aljeriya.

Manyan Gasanni

Gasar da ta fi kowace daraja ita ce Tour de France, wadda ake kwashe kimanin mako uku ana yi. An kasa ta zango-zango, wasu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wasu a kan duwatsu, wasu kuma tsere da agogo ne. Ana tara lokacin kowane mahayi kullum, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke sanya rawayar riga, alamar jagora. Anketil ya fahimci wannan tsari sarai. Dabararsa ita ce ya tara mintoci a zangon tsere da agogo, sannan a kan duwatsu ya manne wa masu hamayya da shi, kada su ƙwace abin da ya tara.

Ya ci gasar a karon farko da ya shige ta, a 1957, da tazarar kusan minti goma sha biyar. A 1961 ya karɓi rawayar riga tun ranar farko, bai kuwa sake ta ba har Paris. Ya ƙara cin gasar a 1962 da 1963 da 1964, ya zama mutum na farko da ya ci ta sau biyar. Haka kuma shi ne Bafaranshe na farko da ya ci babbar gasar Italiya, a 1960, ya maimaita a 1964. Da ya ci ta ƙasar Sifen a 1963, sai ya zama na farko a tarihi da ya haɗa waɗannan manyan gasanni uku.

Hamayyarsa da Pulidor

Duk da waɗannan nasarori, Anketil bai yi farin jini a wajen 'yan kallo yadda ya so ba. Da yawa suna ganin cewa nasararsa ta lissafi ce, babu kasada a cikinta, domin ba ya kashe ƙarfin da ya wuce abin da ake bukata. Zukatansu sun fi karkata ga Remon Pulidor, ɗan manoma daga tsakiyar Faransa, mai fara'a, wanda yake kai hari a kan duwatsu amma sau da yawa yakan ƙare a na biyu ko na uku.

Hamayyar ta kai ƙololuwa ranar 12 ga Yuli, 1964, a kan dutsen Puy de Dôme. Anketil yana gaba da sakan 56. Ya san Pulidor ya fi shi iya hawan dutse, saboda haka ya ƙi bin bayansa, ya jera da shi kafaɗa da kafaɗa domin ya ɓoye gajiyarsa. Sai da suka kusa kaiwa sama sannan Pulidor ya tsere masa, ya rage sakan 42. Sakan 14 kacal suka rage, amma sun isa su bar wa Anketil rawayar riga. Kwana biyu bayan haka, a tsere da agogo daga Versailles zuwa Paris, ya ƙara tazarar, ya ci gasar da sakan 55. Pulidor kuwa har ya yi ritaya bai taɓa sanya rawayar riga ba, amma shi jama'a suka fi yi wa tafi, kuma wannan ya daɗe yana damun Anketil.

A 1965 ya yi wani abu domin ya nuna cewa shi ma yana iya kasada. Ya kammala gasar Dauphiné ta kwana takwas a kan duwatsu, ya ci ta. A yammacin ranar ya hau jirgin sama zuwa birnin Bordeaux, cikin dare kuma ya shiga tseren kilomita 557 zuwa Paris, kusan ba tare da ya runtsa ba. Shi ya ci wannan ma, kuma taron da ya tarbe shi a Paris ya yi masa tafi sosai.

Batun Ƙwayoyi

Akwai tabo a tarihinsa wanda bai kamata a ɓoye ba. A zamaninsa, shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya yaɗu tsakanin masu tseren keke. Anketil bai musa cewa yana amfani da magunguna ba, har ma ya fito fili yana adawa da gwajin da hukumomi suka fara yi. A watan Yuli na 1967 ɗan tseren Ingila Tom Simson ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux, aka kuma samu irin waɗannan ƙwayoyi a jikinsa. A watan Satumba na wannan shekara Anketil ya koma Milan, ya yi tafiyar mita 47,493 a awa ɗaya, fiye da bajintar da ke akwai a lokacin. Amma bai ba da fitsarinsa don gwaji kamar yadda doka ta tanada ba, saboda haka hukumar tseren keke ta duniya ta ƙi amincewa da wannan bajinta.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya daina tsere a ƙarshen 1969, ya koma noma da kiwo a gonarsa kusa da Rouen. Ya ci gaba da yin sharhi kan tsere a rediyo da jarida, ya kuma jagoranci tawagar Faransa a gasar duniya. Bayan sun bar tsere, shi da Pulidor sun zama abokai. Ciwon daji na ciki ya kama shi, ya rasu a Rouen ranar 18 ga Nuwamba, 1987, yana da shekara 53. An binne shi a Quincampoix, ƙauyen da ya girma.

Ma'anar Kalmomi

Ayari: taron matafiya masu tafiya tare.
Tazara: nisa ko lokacin da ke tsakanin abu biyu.
Zango: kashi ɗaya na doguwar tafiya.
Bajinta: aikin gwaninta da ya fi na kowa.
Farin jini: samun ƙaunar jama'a.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin tsere a cikin ayari da tsere da agogo?
2. Wace dabara Anketil yake bi wajen cin gasar Tour de France?
3. Me ya sa 'yan kallo suka fi son Pulidor?
4. Don me aka ƙi amincewa da bajintarsa ta 1967? Kana ganin an yi masa adalci? Kawo dalilanka.