Nikola Tesla: Mutumin da ya so raba wutar lantarki da igiya

Duk wanda ya ɗora wayar salularsa a kan faifan caji, batirin ya fara cika ba tare da an sa igiya ba, yana cin moriyar wani ɗan yanki ne na burin da ya cinye dukiyar Nikola Tesla.

An haifi Tesla ranar 10 ga Yuli, 1856, a ƙauyen Smiljan da ke Kuroshiya ta yau, lokacin yana ƙarƙashin Daular Austriya. Mahaifinsa limamin coci ne na Sabiyawa. Ya karanci aikin injiniya a Graz, amma bai kammala ba. A 1884 ya sauka New York, ya yi wa Thomas Edison aiki na 'yan watanni, suka rabu. A 1888 George Westinghouse ya sayi izinin amfani da injinsa mai aiki da wutar da ke sauya alƙibla, irin wutar da ke shiga gidaje da ofisoshi har yau.

Sai dai hankalinsa yana wani wuri. Tun 1831 Michael Faraday ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa kusa da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, wuta za ta gudana a cikinta ko da babu abin da ya taɓa ta. Tesla ya ɗora a kan wannan. A 1891 ya ƙera na'urar naɗi da ake kira da sunansa, ya riƙa haskaka fitilun da ba a jona su da komai ba a gaban jama'a. A 1899 ya koma Colorado Springs don manyan gwaje-gwaje, ya dawo da yaƙinin cewa doron ƙasa kansa zai iya kai wuta ko'ina.

A 1901 attajiri J. P. Morgan ya ba shi dala 150,000, ya fara gina hasumiyar Wardenclyffe mai tsawon kusan mita 57 a Long Island. A Disambar wannan shekarar Guglielmo Marconi ya aika saƙon rediyo ya ƙetare Tekun Atlantika da kayan da ba su kai nasa tsada ba. Morgan ya ƙi ƙara kuɗi, aiki ya tsaya. Daga bisani Tesla ya miƙa filin don biyan bashin otal, aka rushe hasumiyar a 1917.

Ba rashin kuɗi kaɗai ya kayar da shi ba. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri gwargwadon nisa, shi ya sa faifan caji ke buƙatar waya ta kwanta a kansa: naɗi ɗaya a cikin faifan, ɗaya a bayan wayar, tazarar 'yan milimita ce tsakaninsu. A kan wannan aka gina tsarin Qi, wanda ya fito a 2010, Apple kuma ya rungume shi a 2017.

Tesla ya mutu ranar 7 ga Janairu, 1943, shi kaɗai a ɗakinsa na otal ɗin New Yorker, yana da shekara 86, bai bar dukiya ba. A 1960 aka raɗa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu na duniya sunansa. Ya so wuta ta ƙetare teku. Abin da aka samu shi ne ta ƙetare murfin waya.