Jacques Monod: Masanin da ya gano makullin ƙwayoyin gado

An haifi Jacques Monod a birnin Paris ranar 9 ga watan Fabrairun 1910. Mahaifinsa mai zane ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Amurka ce.

Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Paris a 1941. A bincikensa ya lura cewa idan aka ba bakteriya wasu nau'o'in sukari biyu a haɗe, takan cinye ɗaya tukuna, ta dakata, sannan ta koma kan na biyun.

Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, Monod ya shiga sahun 'yan gwagwarmayar ƙwatar ƙasar, abin da ya jefa rayuwarsa cikin haɗari. A 1945 ya koma Cibiyar Pasteur.

A can ne shi da François Jacob suka bayyana, a 1961, cewa akwai wani furotin da ke zama a kan DNA, yana toshe ƙwayoyin gadon da bakteriya ke narkar da sukarin madara da su. Da zarar sukarin ya samu, sai furotin ɗin ya saki, aiki ya kankama.

Wannan ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1965, tare da André Lwoff.

Binciken ya share fagen warware wata tsohuwar tambaya. Kusan dukkan sassan jikin mutum gado iri ɗaya suke ɗauke da shi, amma ƙwaƙwalwa daban, hanta daban. Bambancin yana ga waɗanda aka buɗe da waɗanda aka rufe.

Yanzu an san ɗan Adam yana da irin waɗannan furotin kimanin 1,600. Ta hanyar ɗaya daga cikinsu sinadarin kotisol ke kwantar da kumburi, kuma a kansa wasu magungunan asma suka dogara. Wani mai suna NF-kappaB, da aka gano a 1986, yana zaburar da garkuwar jiki idan cuta ta shigo. Wani kuma, CREB, yana taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen adana abin da ta koya.

Monod ya zama shugaban Cibiyar Pasteur a 1971. Ya mutu a garin Cannes ranar 31 ga watan Mayun 1976, yana da shekara 66.