MALAM ABDULLAHI ƊAN FODIYO: WAZIRIN DA YA BAR MUƘAMI, SA'ANNAN YA DAWO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗalibi mai karatu, ko kana Bagudo, ko Illo, ko Ka'oje, ko Zagga, ko can Lolo da Tsamiya bakin iyakar Benin, ka san ƙasarmu tana cikin masarautar Gwandu. To, mutumin da aka fara danƙa wa amanar wannan masarauta shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Yara da yawa sun san shi da malanta da jarunta. Amma kaɗan ne suka san cewa akwai lokacin da shugabanci ya gundure shi, tun bai fi shekara uku da ɗaukarsa ba, har ya bar rundunarsa ya kama hanyar gabas. Wannan labarin za mu ba ka a wannan fitowa, domin watarana kai ma za a ɗora maka wani nauyi, kuma mai yiwuwa ne ka ji irin abin da ya ji.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Abdullahi a wajen shekarar 1766 (1180 bayan Hijira). Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsu kuwa Hauwa'u. Shehu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. A hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, yana da shekara goma sha uku aka miƙa shi ga yayansa. Tun daga nan Shehu ya zama masa wa, ya zama malami, ya zama uba.

Ya yi karatu kuma wurin waɗansu malamai masu yawa, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Daga baya ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuki, inda ya jero malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu da littattafan da ya karanta. Ka ga ke nan, duk girman da ya yi bai sa ya manta da waɗanda suka koya masa ba. Ya ƙware ƙwarai a Larabci, da nahawu, da fiƙihu, da tafsiri, ga kuma baiwar waƙa.

Duk inda Shehu ya tafi wa'azi, ƙasar Kabi ne ko Zamfara, Abdullahi yana biye da shi, yana koyo, yana taya shi karantarwa da rubutu. Shekaru masu yawa suka yi a haka. Ba muƙami, ba dukiya, sai allo da littafi da tawada.

NAUYI YA HAU KANSA

A watan Fabrairu na 1804, da zama ya ƙi daɗi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Ya zama wazirin Shehu yana da shekara kusan 38.

Malamin da ya saba da alƙalami sai ga shi a gaban runduna. A watan Yuni na 1804 shi ya jagoranci jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto, Allah ya ba su nasara a kan rundunar Gobir wadda ta fi su yawa da kayan yaƙi. A 1805 kuma shi ya ja rundunar da ta buɗe Birnin Kabi. A shekarar ce jama'a suka koma Gwandu da zama.

In ka tsaya nan, sai ka ce wannan bawan Allah ya samu duk abin da mai fara aiki ke so: ga muƙami, ga nasara, ga suna, ga yardar shugabansa. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

ABIN DA YA ƁATA MASA RAI

Abu na farko, abokan karatunsa sun yi ta ƙarewa. A yaƙin Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'a sun yi hasarar mutum kusan 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A Alwasa kuma, cikin 1805, aka sake yin wata babbar hasara. Mutanen da suka zauna gaban Shehu shekara da shekaru, suka san dalilin da ya sa aka fito, su ne suka fi kwantawa a waɗannan wurare.

Abu na biyu, waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ba su samu wannan tarbiyya ba. A hanyar zuwa Alwasa runduna ta auka wa wani gari da ke cikin amana, ta kwashe dukiyarsa, Abdullahi da Muhammadu Bello suna hanawa, ba a saurare su ba. Ka duba fa, waziri ne sukutum, amma ya yi magana ta faɗi ƙasa.

A littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, ya bayyana abin da ya gani a wancan lokaci. Mutane sun koma neman sarauta da tara dukiya, ana gasar tufafi masu tsada da dawakan ado, ana karɓar toshi, kiɗa da bushe-bushe sun dawo ƙofar shugabanni, an yi sakaci da masallatai da makarantu. Abin da aka fito domin a gyara, shi ne ya fara tsirowa a cikin gida. Kuma ka lura da wani abu: bai tsame kansa ba. Ya ji tsoron cewa shi ma son duniyar nan zai iya kama shi.

TAFIYA KANO

A wajen 1807, runduna na kan hanyar zuwa Alƙalawa, babban birnin Gobir, sai Malam Abdullahi ya janye jikinsa tare da mutum biyar. Niyyarsa ya tafi Makka da Madina, ya bar ƙasar da abin da ke cikinta. Suka ratsa daji kwana da kwanaki har Allah ya kai su Kano.

Mutanen Kano suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda za su tafiyar da mulki bisa shari'a, domin su ma ba su daɗe da karɓar ragamar garin ba. Da ya duba, sai ya ga abin da ya gudo dominsa yana nan a Kano, ya riga shi isowa. Nan ne fa ya gane cewa ciwon ba na gari ɗaya ba ne, yana tare da mutane duk inda mulki da dukiya suka sauka. Inda duk ya tafi, zai tarar da shi.

Sai ya zauna ya yi abin da ya fi iyawa. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, wato hasken mahukunta, inda ya yi bayanin wanda ya cancanci shugabanci, da haƙƙin talakawa a kansa, da yadda ake naɗa waziri da alƙali da sauran ma'aikata, da yadda ake yanke hukunci da adalci. Mutane da yawa suka gyara halinsu a dalilin zamansa. Ɓacin ran da ya kore shi daga gida, shi ne ya zama littafin da har yau malamai ke karantarwa.

Makka kuwa bai kai ba. Ya juyo ya koma wurin yayansa, ya sake ɗaukar nauyin da ya ajiye.

BAYAN DAWOWARSA

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bayan nan Malam Abdullahi ya mai da hankali ga yamma. Ya ja runduna zuwa ƙasar Dandi, har ya ƙetare Kwara zuwa ɓangaren Gurma. Wannan kogin ne dai da ya ratsa ƙasarmu ta Bagudo, wanda masunta da masu jirgin ruwanmu ke ci a cikinsa. A zamanin babu iyakar da ka sani yau tsakaninmu da Benin. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyarsu ta 1898, shekaru da yawa bayan rasuwarsa.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, wanda a lokacin yake zaune a Boɗinga. Daga wannan rabo ne masarautar Gwandu ta samo asali.

Wata jarrabawar kuma tana jiransa. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a tun Abdullahi bai iso ba. Ga shi ƙanen Shehu, ga shi waziri, ga shi babban malami, amma aka zaɓi ɗan wansa. Abin ya yi masa zafi, ɗan Adam ne. Ya koma Gwandu, aka ɗan jima ba a jituwa. Amma bai ɗaga takobi a kan Sakkwato ba, bai kuma raba jama'a ba. Bayan 'yan shekaru, da masu tawaye suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, Bello ya zo da runduna ya taimaki baffansa. A nan suka sadu, Abdullahi ya yi masa mubaya'a, zumunci ya koma yadda yake.

Daga nan ya bar yawancin hidimar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. Cikin littattafansa akwai tafsirin Liya'ut Ta'awili, da Kifayatu Lu'afa'is Sudan wanda ya taƙaita domin masu ƙaramin karatu, da Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu. Ka tambayi malaminka, wataƙila akwai ɗaya daga cikinsu a ɗakinsa.

Ya rasu a Gwandu a 1829 (1245 bayan Hijira), yana da shekara sittin da 'yan kai. Kabarinsa yana can. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.

ABIN DA ZA KA ƊAUKA

Ya kai ɗalibi, yau monita ne kai ko amirin ɗalibai. Gobe za ka zama malamin aji, ko ma'aikacin asibiti, ko mai riƙe da kuɗin ƙungiyar manoma, ko ma'aikaci a bakin iyaka inda ake miƙo abin hannu a ɓoye. Ranar da aka ba ka aiki za ka yi murna, iyayenka su yi murna. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga abokan aiki suna yin abin da aka hana, ka yi magana a share ka, ka ji duk aikin ya fita ranka. In wannan rana ta zo, ka tuna da Malam Abdullahi.

Na ɗaya, wannan ƙuncin da ka ji alama ce zuciyarka tana da rai. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda ya ga ɓarna ya ji daɗin zama da ita.

Na biyu, kafin ka tattara kayanka, ka tambayi kanka: abin nan da nake gudu, babu shi a inda za ni? Malam sai da ya taka har Kano kafin ya samu amsa. Kai ga shi ka samu a takarda. Akwai aikin da barinsa ya zama dole, idan zama cikinsa zai tilasta maka saɓon Allah. A nan sai ka nemi shawarar malamai da iyaye. Amma barin wuri don kawai mutanensa sun ba ka haushi, sau da yawa gudun gara ne a faɗa wa zago.

Na uku, ka riƙi wani abin alheri da ka iya, wanda ba mai iya tuɓe ka daga gare shi. An yi wa Malam gardama a fagen yaƙi, an tsallake shi a wajen naɗi, amma ba wanda ya ƙwace masa alƙalami. A nan ya sami natsuwarsa, kuma da shi aka fi tunawa da shi yau.

Ku kuma iyayenmu, idan ɗanku ko 'yarku suka dawo daga wurin aiki suna kukan abin da suka gani, kada ku ce musu su yi shiru su ci rabonsu kamar kowa. Ku saurare su, ku ƙarfafa musu zuciya a kan gaskiya, ku taya su da addu'a. Shehu bai rufe wa ƙanensa ƙofa ba da ya dawo. Ƙarin amana ma ya ba shi.

Allah ya ba mu shugabanni adalai, ya sa mu zama cikinsu idan lokacinmu ya zo. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.