Nevil Shute: Injiniyan da ya rubuta labarin ƙarshen duniya

An haifi Nevil Shute Norway a birnin Landan ranar 17 ga watan Janairun 1899. Ya karanta aikin injiniya a Jami'ar Oxford, kuma da wannan sana'a aka fara saninsa a Birtaniya. Yana cikin waɗanda suka ƙera jirgin balan-balan nan mai suna R100, wanda ya tsallaka tekun Atilantika zuwa Kanada a 1930. Shekara guda bayan haka ya haɗu da wasu suka kafa kamfanin ƙera jiragen sama na Airspeed.

Rubutu kuwa da dare yake yinsa. Ya cire Norway daga sunan da yake sa wa littattafansa don gudun kada abokan aiki su ɗauka wasa yake yi da sana'arsa.

A 1950 ya yi ƙaura da iyalinsa zuwa Ostireliya, ƙasar da Birtaniya ta fara gwajin makaman nukiliyarta a cikinta a 1952. A can ne ya rubuta On the Beach, wanda aka wallafa a 1957.

Labarin ya fara ne bayan yaƙin nukiliya ya riga ya hallaka arewacin duniya. Mutanen Melbourne ba su ji ƙarar bam ko ɗaya ba, amma iska na turo gubar nukiliya kudu sannu a hankali, kuma kowa ya san watannin da suka rage masa. Gwamnati na raba ƙwayoyin mutuwa ga mai so. Duk da haka wasu ma'aurata na shuka lambun da ba za su ga furanninsa ba, kwamandan wani jirgin ƙarƙashin teku na Amurka kuma yana sayen tsarabar da zai kai wa 'ya'yan da ya san sun mutu. Da jirgin ya bi sawun wani saƙon rediyo har yankin Seattle, sai aka tarar iska ce kawai ke kaɗa wata karyayyiyar taga tana taɓa na'urar.

Babu wanda ya tsira a littafin. Nan ne ya bambanta da yawancin labaran zamaninsa, inda akan bar 'yan tsiraru su sake gina duniya. Shute ya lissafa tafiyar gubar tamkar injiniyan da ke auna nauyin ƙarfe, kuma wannan natsuwar ce ta fi tsorata masu karatu.

Stanley Kramer ya mai da littafin fim a 1959, da Gregory Peck da Ava Gardner, aka kuma nuna shi a manyan birane da dama, har da Mosko, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Shute bai ji daɗin sauye-sauyen da aka yi wa labarin ba.

Ya rasu a Melbourne ranar 12 ga watan Janairun 1960, ƙasa da wata guda bayan fitowar fim ɗin.